Maganin da ke Ɗaure wa Bairos Hannu: Yadda Ake Hasashen Zafinsa Tun Kafin a Haɗa Shi

Gabatarwa

A ranar 22 ga watan Disamba na shekarar 2021, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasar Amurka ta ba da izinin gaggawa na fara amfani da wani magani mai suna Paxlovid. Shi ne maganin haɗiya na farko mai yaƙar bairos kai tsaye da hukumar ta amince da shi domin masu fama da cutar korona. Sinadarin da ke yin ainihin aikin a cikinsa, wato nirmatirelbir, yana cikin wani rukuni na magunguna waɗanda kamfanonin haɗa magani suka daɗe suna gudu. Magungunan wannan rukuni sukan ɗaure kansu ne da jikin abin da aka aike su kansa. Amfaninsu da haɗarinsu duk daga wannan ɗabi'a suka fito, domin sinadarin da ya iya ɗaure ƙwayar cuta yana iya ɗaure wani sashe na jikin majiyyaci. Saboda haka babbar tambayar da ke gaban masana ita ce: yaya za a san zafin sinadari, wato saurin da yake yi wajen cafke abin da ya taras, tun kafin a ɓata kuɗi da lokaci wajen haɗa shi?

Riƙo iri biyu

Yawancin magunguna suna aiki ne a kan furotin. Furotin dogon zare ne da aka jera da ƙananan tubala waɗanda ake kira amino asid, iri 20, sa'an nan zaren ya naɗe ya ɗauki wata siffa mai lunguna da ramuka. Wasu furotin ɗin, waɗanda ake kira inzayim, su ne ma'aikatan jiki: suna yanka, suna haɗawa, suna sarrafa abinci. Kowane inzayim yana da ramin da yake gudanar da aikinsa a ciki. Idan aka sami sinadarin da ya dace da wannan rami, kamar yadda makulli ke dacewa da kwaɗo, ya shiga ya zauna, to aikin inzayim ya tsaya.

Maganin da aka saba da shi yakan shiga ramin, ya ɗan zauna, ya fita, wani ya sake shiga. Riƙon nasa sakwa-sakwa ne, don haka sai an bar isasshensa a cikin jini kafin ya ci gaba da tasiri. Amma akwai wani riƙon da ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ne inda atam biyu za su yi tarayya a kan ilektiron biyu, su zama jiki ɗaya. A wannan maƙala za a kira shi ɗaurin tarayya. Irin wannan ɗauri ne ya haɗa haidirojin da oksijin suka zama ruwa. Maganin da ke ƙulla ɗaurin tarayya da inzayim ya yi kama da makullin da aka shafa wa ƙaro: in ya shiga kwaɗon, fitarsa sai an sha wahala, wani lokaci ma ba ya fita har abada.

Tsofaffin magunguna biyu da kowa ya sani haka suke aiki, ko da yake waɗanda suka samo su ba su san da haka ba. An haɗa asfirin a kamfanin Bayer na Jamus a shekarar 1897, amma sai a 1971 John Vane na Ingila ya gano abin da yake hanawa a jiki, kuma sai a 1975 aka nuna cewa yana liƙa wani ɓangare nasa ne a jikin inzayim ɗin. Wannan ne ya sa asfirin ke barin jini cikin ɗan lokaci, amma tasirinsa a kan daskarewar jini ya yi kwanaki. Haka kuma fenisilin, wanda Alexander Fleming ya lura da shi a 1928, sai a 1965 aka bayyana cewa yana ɗaure inzayim ɗin da bakteriya ke gina bangon jikinta da shi.

Dalilin tsoro

A shekarar 1973 wasu masana a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, cikinsu har da Bernard Brodie, suka bayyana dalilin da ya sa farasitamol ke lalata hanta idan aka sha shi fiye da ƙima. Hanta takan juya wani ɗan kaso na maganin ya koma sinadari mai tsananin zafi. A bisa al'ada akwai wani mai gadi a cikin ƙwayoyin halittar jiki, sunansa gulutatayon, wanda ke cafke wannan sinadari a fitar da shi. Idan maganin ya yi yawa, sai mai gadin ya ƙare, sinadarin ya shiga ɗaure furotin ɗin hanta barkatai, ƙwayoyin hanta su mutu. Daɗin daɗawa, an san cewa borin jini da fenisilin ke jawo wa wasu mutane yana faruwa ne saboda ya ɗaure da furotin na jikinsu, garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin baƙo.

Daga nan sai kamfanoni suka ɗauki matsayin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shekaru da dama, duk sinadarin da aka ga alamar yana da zafi akan cire shi daga jerin waɗanda za a gwada. Ra'ayi ya fara sauyawa ne bayan da aka ga nasarar wasu magunguna da aka tsara su da gangan domin su yi ɗaurin tarayya. A 2011 aka amince da telafirebir da bosefirebir domin ciwon hanta nau'in C, ko da yake daga baya wasu magungunan da suka fi su sun maye gurbinsu. A 2013 kuma aka amince da ibrutinib domin wasu nau'o'in sankarar jini.

Almakashin bairos

Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Idan bairos ɗin korona ya shiga ƙwayar halittar mutum, yakan tilasta mata ta ƙera masa wani dogon furotin, wanda a cikinsa aka jera kayan aikinsa da dama, kamar bandir ɗin yadi da ba a yanka ba. Bandir ba ya zama riga sai tela ya sa almakashi. Bairos ɗin yana da almakashinsa, wato wani inzayim da ake kira babban furotiyes, wanda ke yanka dogon furotin ɗin a wurare 11. Idan aka hana wannan almakashi aiki, bairos ba zai sami kayan da zai kwafi kansa da su ba.

Almakashin yana da amino asid 306, amma guda biyu ne bakin yankan: sistin da ke matsayi na 145 da histidin da ke matsayi na 41. Sistin yana ɗauke da atam ɗin farar wuta, wanda ke riƙe da haidirojin guda. Histidin yakan karɓe wannan haidirojin, sai farar wutar ta zama mai yalwar ilektiron, tana neman atam ɗin kabon mai ƙarancinsu ta afka masa. Da haka take tsinka furotin. Wani abin da ya ƙara wa wannan inzayim daraja a idon masana shi ne, kullum yana yanka ne a bayan amino asid mai suna gulutamin, kuma ba a san wani almakashi a jikin ɗan Adam mai irin wannan zaɓi ba.

Dabarar masu tsara magani ita ce su ƙera sinadari mai kama da guntun furotin ɗin da almakashin ya saba yankawa, sa'an nan su dasa masa wani ɗan ɓangare mai ƙishin ilektiron daidai inda farar wuta za ta sara. Wannan ɓangare shi ne kan mashin maganin. Almakashi ya kai sara, sai bakinsa ya maƙale.

Mataki biyu, matsala ɗaya

Aikin irin wannan magani mataki biyu ne. Da farko gangar jikinsa takan shiga ramin ta zauna daram. Bayan haka ne kan mashin zai ƙulla ɗauri da farar wuta. Ana auna kowane mataki daban: ƙarfin zaman, da kuma saurin ɗaurin.

A nan matsalar take. Sistin ba na bairos ba ne shi kaɗai. Kimanin kashi 2 cikin 100 na amino asid ɗin da ke cikin furotin na ɗan Adam sistin ne, adadinsu ya haura 200,000 idan aka tattara dukkan ire-iren furotin ɗin jiki. Ga kuma gulutatayon, wanda shi ma sistin ne a tsakiyarsa, kuma yana da yawa ƙwarai a cikin ƙwayoyin halitta. Kan mashin da ya cika zafi zai ɗaure na farko da ya ci karo da shi: ko dai mai gadi ya cinye shi kafin ya isa wurin bairos, ko kuma ya yi ɓarna irin ta farasitamol a hanta. Wanda kuma ya cika sanyi zai zauna a ramin ya fita bai yi kome ba. Abin da ake nema shi ne kan mashi mai sanyin hali a cikin jini, wanda ba ya motsawa sai an zaunar da shi gab da gab da sistin na 145. Wato dacewar gangar jiki ce za ta zaɓi abokin gaba, ɗaurin kuwa ya biyo baya.

Awo a ɗakin gwaji

Hanya mafi sauƙi ta sanin zafin kan mashi ita ce a haɗa shi da gulutatayon a cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 da ma'aunin tsami 7.4, wato yanayin jinin mutum, sa'an nan a riƙa duba yawan abin da ya rage. Lokacin da rabin sinadarin ya ɗauka kafin ya ƙare shi ne ma'aunin zafinsa. Wani cikin 'yan mintoci ya tafi, wani sai ya kwana bai ko girgiza ba. A 2014 masanan kamfanin Pfizer sun buga irin wannan awo na kawunan mashi masu yawa domin a riƙa kwatantawa.

Illar wannan hanya ita ce sai an haɗa sinadarin tukuna. Haɗa sabon sinadari guda kan ci makonni, ga tsadar kayan aiki, alhali waɗanda ake son gwadawa suna iya kai dubbai. A lokacin annoba kuwa, kowane mako rayuka ne. Wannan ya sa aka koma ga lissafi.

Hasashe da lissafi

Kafin sinadarai biyu su ƙulla ɗauri, dole su haye wani tudu na makamashi, kamar mai tura kura da sai ya kai ta ƙololuwar hawa kafin ta gangara da kanta. In tudun gajere ne, ɗauri zai auku da sauri. In mai tsawo ne, sai a hankali. Duk aikin hasashe ya tattara ne a kan gano tsawon wannan tudu, kuma akwai hanyoyi huɗu da aka fi bi.

Hanya ta farko ita ce duban kan mashin shi kaɗai. A 1952 wani masani ɗan ƙasar Japan, Kenichi Fukui, ya nuna cewa ba dukkan ilektiron ɗin sinadari ne ke shiga harkar ɗauri ba, sai na bakin iyaka. Ana iya kwatanta sinadari da bene mai hawa da yawa, inda ilektiron suka cika ɗakunan ƙasa. Baƙon ilektiron da zai zo daga farar wuta zai sauka ne a ɗaki mafi ƙasa da babu kowa a ciki. Idan ɗakin yana kusa, shigarsa ba wuya, ke nan sinadarin yana da zafi. Kwamfuta tana iya lissafa matsayin wannan ɗaki cikin ɗan lokaci. Wannan tunani ya sa Fukui ya sami kyautar Nobel a 1981.

Hanya ta biyu ita ce a kwaikwayi ɗaurin kansa a cikin kwamfuta, ta amfani da dokokin kimiyyar kwantam, waɗanda ke bayanin halayen ilektiron. Akan ɗauki kan mashin tare da wani ƙaramin sinadari mai farar wuta a madadin sistin, a lissafa makamashinsu kafin ɗauri, da a ƙololuwar tudu, da bayan ɗauri. Walter Kohn da John Pople sun sami kyautar Nobel a 1998 saboda share fagen irin wannan lissafi. A 2007 masanan kamfanin Merck a Kanada sun yi amfani da shi a kan wani kan mashi da ake kira naitiril, wato kabon da naitirojin da ke haɗe da ɗauri uku, suka ga jerin da lissafi ya bayar ya yi daidai da abin da aka auna a ɗakin gwaji.

Hanya ta uku ta fi sauran wuya, domin tana shigo da inzayim ɗin gaba ɗaya. Zafin sistin ya dogara ne da maƙwabtansa: wanda ke kusa da histidin ya fi wanda ke zaune shi kaɗai a bayan furotin saurin kai hari. Amma inzayim da ruwan da ke kewaye da shi sun ƙunshi dubban atam, lissafin kwantam ba zai iya ɗaukarsu duka ba. A 1976 Arieh Warshel da Michael Levitt suka fito da mafita: a yi wa 'yan atam ɗin da ke bakin aiki lissafin kwantam, sauran kuwa a ɗauke su kamar ƙwallaye da aka haɗa da waya mai lanƙwasa. Su biyun tare da Martin Karplus sun sami kyautar Nobel a 2013. Da wannan hanya ce ƙungiyar Iñaki Tuñón ta Jami'ar Balensiya a ƙasar Sifen ta bi diddigin yadda nirmatirelbir ke ɗaure sistin na 145 a shekarar 2021.

Hanya ta huɗu ita ce koyar da na'ura. Akan ba kwamfuta sakamakon awon ɗaruruwan sinadarai da gulutatayon, tare da siffofinsu, ta nemo alaƙar da ke tsakani, sa'an nan ta yi hasashen sababbi cikin ƙiftawar ido. Masanan kamfanin Boehringer Ingelheim na Jamus sun buga irin wannan tsari a 2020. Rauninta shi ne, ta fi ƙwarewa a kan dangin sinadaran da aka koya mata; in aka kawo mata baƙon kan mashi, sai hasashenta ya yi rauni.

Inda lissafi ke tuntuɓe

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya riƙe. A yanayin zafin ɗaki, duk ƙarin kilokalori 1.4 a tsawon tudun makamashi, bisa ma'aunin mol guda, yana rage saurin ɗauri sau 10. Kuskuren kilokalori 2.8 ke nan zai karkatar da amsa sau 100. Idan gaskiyar lamarin awa guda ce, lissafin zai iya cewa awa 100, wato fiye da kwana huɗu, ko kuma ya ce daƙiƙa 36. Kuskure na kilokalori ɗaya ko biyu kuwa ba baƙon abu ba ne a irin wannan lissafi. Saboda haka masana sun fi dogara da shi wajen jera sinadarai, wane ya fi wane zafi, fiye da faɗin ainihin lokaci. Kwamfuta takan tace dubu ta bar goma, goman nan kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yadda aka kai ga nirmatirelbir

Tarihin wannan magani ya faro ne tun kafin korona. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Agouron na Amurka ya ƙera wani sinadari, rufintiribir, domin almakashin bairos ɗin mura. Bai zama magani ba, amma ya bar gadon wani ɓangare mai kwaikwayon gulutamin. Da annobar SARS ta ɓulla a ƙasar Sin a 2002, ta kama mutane kimanin 8,000 ta kashe 774, sai Rolf Hilgenfeld na Jami'ar Lubek a Jamus da abokan aikinsa suka ba da shawara a 2003 cewa a fara daga rufintiribir. Pfizer, wanda a lokacin ya riga ya mallaki Agouron, ya ƙera wani sinadari mai ƙarfi, amma annobar ta lafa, aka adana shi.

A farkon 2020 aka gano cewa almakashin sabon bairos ɗin ya yi daidai da na SARS da kashi 96 cikin 100. Aka ɗauko tsohon sinadarin, ya kuma yi aiki, sai dai hanji ba ya iya tsotse shi sosai, dole sai ta hanyar jijiya a asibiti. Ƙungiyar da Dafydd Owen ya jagoranta ta shiga neman wanda za a iya haɗiya a gida. Sun aro wani ɓangare daga bosefirebir, sun kuma gwada sababbin kawunan mashi biyu, daga ƙarshe suka tsaya a kan naitiril. Zafinsa matsakaici ne, ɗaurinsa kuma yana iya warwarewa, don haka in ya kama furotin ɗin da ba shi aka nufa ba yakan sake shi. Bugu da ƙari, ya fi ɗayan narkewa a ruwa da sauƙin haɗawa da yawa. Ya kamata a lura cewa wannan zaɓi ya dogara ne ƙwarai a kan gwaji da kuma ilmin da aka tara cikin shekaru game da halin naitiril, wanda lissafi ya taimaka wajen gina shi.

An fara haɗa nirmatirelbir a watan Yuli na 2020, aka fara gwada shi a jikin mutane a watan Maris na 2021. Saboda hanta tana saurin rusa shi, akan haɗa shi da ritonabir, wanda ke rage wa hantar gudu. Wannan ne kuma ya sa dole likita ya san sauran magungunan da majiyyaci ke sha, domin ritonabir yana iya sa su taru a jini. A babban gwajin da aka yi da mutane 2,246 waɗanda ba su yi rigakafi ba kuma suke cikin haɗarin tsananin cutar, maganin ya rage kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 89 cikin 100 ga waɗanda suka fara sha cikin kwana uku. Mutane 13 da suka rasu a gwajin duk suna cikin rukunin da bai sami maganin ba. Amma wani gwajin da aka buga a 2024, wanda ya ƙunshi masu ƙarancin haɗari da waɗanda suka yi rigakafi, bai nuna cewa yana gaggauta samun sauƙi ba. A watan Nuwamba na 2021 Pfizer ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ba wasu kamfanoni damar ƙera shi da rahusa domin ƙasashe 95, cikinsu har da Nijeriya da Nijar.

Kammalawa

Ɗaurin tarayya ba shi ne kaɗai mafita ba, domin a watan Nuwamba na 2022 ƙasar Japan ta amince da ensitirelbir, wanda ke toshe almakashin nan ba tare da ɗauri ba. Shi ma bairos ba ya zaune: an ga cewa sauyin amino asid na matsayi na 166 yana rage wa nirmatirelbir ƙarfi. In ramin ya sauya siffa, zaman magani ya lalace, kan mashin ba zai sami daidaiton da yake bukata ba, sai an sake lissafi.

Kimanin shekara biyu aka yi tsakanin bayyanar cutar korona da samun wannan magani, alhali bisa al'ada sabon magani kan ci shekara goma ko fiye. Abin da ya taƙaita tafiyar shi ne aikin da aka yi a 2003 da kuma sanin halin kawunan mashi da aka riga aka tara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai wasu bairos, kamar na shan inna da danginsa, waɗanda su ma almakashinsu da sistin yake yanka, don haka ilmin da aka samu a nan zai yi amfani a can. Ga ɗalibin da ke sha'awar wannan fage, guzurin da ake bukata yana cikin darussan da ake koya masa a aji: tsarin ilektiron a kimiyyar sinadarai, aikin inzayim a kimiyyar halittu, da kuma logaridim a darasin lissafi.